Wa Ya Ba Ka Labarin Maƙwabcinka?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda ake rufe tatsuniya. Idan kaka ta gama ba jikokinta labarin Gizo da Ƙoƙi, ko na Kura da ta tafi cin banza ta komo da kashin duka, sai ta ce ƙurunƙus, ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Wato da bakinta ta shaida wa yara cewa abin da suka ji bai taɓa faruwa ba. To, mu da muka koya tun a ajin katikisim cewa doka ta takwas ta hana shaidar zur da ƙarya, yaya za mu ɗauki wannan al'ada? Shin kakanninmu sun yi ta zunubi ne kowane dare a tsakar gida?

Waliyyi Agustin, Bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi tunani a kan wannan. A ganinsa, labarin da aka ƙaga don ya nuna wata gaskiya bai shiga sahun ƙarya ba, gama babu niyyar ruɗi a cikinsa, mai faɗa da mai ji duk sun san inda aka dosa. Littafi Mai Tsarki ma ya ba mu misali a Littafin Sama'ila na Biyu, sura 12. Da Sarki Dawuda ya ɗauke matar Uriya, ya kuma sa aka kashe mijin, Annabi Natan bai shiga fada da wa'azi ba. Labari ya kawo, na wani attajiri da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta wani matalauci. Dawuda ya husata, ya yanke wa attajirin hukunci, sa'an nan aka nuna masa cewa kansa ya yanke wa. Babu tunkiyar, babu attajirin, amma gaskiya ta shiga inda tsawatarwa ba za ta iya shiga ba.

Saboda haka tatsuniyar kaka ba ta ba ni tsoro. Labarin da ya kamata mu yi hattara da shi shi ne wanda ba ya cewa ƙurunƙus, wanda yakan sa rigar tarihi ya zauna a zuciyar mutum, har mutum ya riƙa duban maƙwabcinsa ta cikinsa bai sani ba.

Mu ɗauki labarin Bayajida, wanda aka koya wa yawancinmu a firamare. An ce ya fito daga Bagadaza, ya biyo ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya isa Daura ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ke hana mutane ruwa sai ranar Jumma'a, ya auri Sarauniya Daurama. Daga zuriyarsa aka sami Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Labari ne mai daɗi, ya kuma yi aiki mai kyau, domin ya gaya wa garuruwan da suka sha yaƙi da juna cewa su 'ya'yan gida ɗaya ne. Amma yana da wutsiya. An ce sarauniyar ta ba shi ƙwarƙwara, wadda ake kira Bagwariya, ta haifi ɗa, daga gare shi kuma aka sami waɗanda aka laƙaba wa suna Banza Bakwai. A jerin da aka fi sani akwai Zamfara, Kabi, Yawuri, Gwari, Nufe, Kwararrafa da Yarabawa.

Ku dubi kujerun cocinmu ranar Lahadi. Ga Bagwari, ga Bajukune, ga Bayarabe, ga Banufe. Ku dubi gidajen haya na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, inda ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da 'yan kasuwa da malaman makaranta daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suke ɗibar ruwa a famfo ɗaya. Yaron da ya haddace wannan jeri don cin jarrabawa, kalmar banza ya haddace a kan iyayen abokin wasansa. Masana tarihi, irin su Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello a rubutunsa na 1970, sun daɗe da nuna cewa ba zuwan wani baƙo ɗaya ne ya haifi Hausawa da masarautunsu ba. Sai dai rubutun masani yana cikin laburare, labarin kuwa yana bakin kowa.

Abin mamaki shi ne Kano tana da wani labarin game da kanta wanda ya fi wannan faɗin zuciya. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, cike yake da baƙi. Bagauda, sarki na fari, zuwa ya yi ya tarar da mutanen Dala. Wangarawa daga Mali suka zo a zamanin Sarki Yaji, wanda aka ce ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Unguwannin birni ma shaida ne: Ayagi ta Yarabawa ce tun asali, Tudun Nufawa sunanta ya faɗi masu ita, haka Zangon Barebari. Jikokin waɗannan mutane a yau Kanawa ne cikakku, ba mai tambayarsu takardar shaida. Labarai biyu ke nan a gari ɗaya, wanda aka fi maimaita wa yara shi zai yi rinjaye a ranar da hankali ya tashi.

Hankali kuwa ya sha tashi. Waɗanda suka ga Oktoba ta 1991 ko Mayu ta 2004 a garin nan sun san cewa kafin a ɗauki sanda ko ashana, an riga an ba da labari: an ce sun yi kaza, an ce suna tafe. Kada kuma mu ɗauka cewa a gefe ɗaya kaɗai ake ba da irin wannan. Mu ma muna da namu, waɗanda muke faɗa bayan an tashi daga Misa, ko a gaban yara lokacin cin tuwo, inda miliyoyin mutane suke komawa kalma ɗaya, "su". Mai yawan faɗin "ai haka suke" ya yi wa maƙwabcinsa shaidar zur, ko da kowace aukuwa da ya ambata ta faru da gaske, domin ya zaɓi waɗanda zai ambata, ya binne labarin Alhajin da ya ɓoye 'yan hayarsa a cikin gidansa har ƙura ta lafa.

A nan ne nake so in yi wa littattafan soyayya adalci, ko da yake na san iyaye da yawa ba za su so ba. Daga shekarun 1980 matasan Kano suka shiga rubuta ƙananan littattafai suna bugawa da kuɗinsu, ana sayarwa a kasuwa, ana ba da haya. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zaga ƙasar Hausa a farkon shekarun 1990. Wasu masana, musamman Ibrahim Malumfashi, suka kira su Adabin Kasuwar Kano, suna ganin ba su da nauyi; Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsaya musu. A 2007 har an tara wasu an ƙona a wata makarantar 'yan mata, ƙarƙashin shirin gwamnatin jiha na A Daidaita Sahu. Gaskiya ne da yawa daga cikinsu shirme ne, kwaikwayon finafinan Indiya da bautar mota da gidan bene. Amma a cikinsu akwai Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin Rabi, matar da mijinta ya kora da 'ya'ya tara bayan ya yi sabon aure, ta kama sayar da abinci don ta ciyar da su.

Rabi ba ta taɓa rayuwa ba, kamar dai tunkiyar Natan. Duk da haka matar Kirista da ta karanta wannan littafi ta shiga cikin gidan kulle, inda ƙafarta ba ta taɓa takawa ba, ta tarar da mace mai lissafin kuɗin cefane da kuɗin makaranta kamar ita. Daga ranar, idan yarinya mai talla ta ƙwanƙwasa ƙofarta a Tarauni, za ta iya tunanin uwar da ta dafa abincin. Miji kuma, Musulmi ko Kirista, zai iya yanke wa mijin Rabi hukunci kafin ya farga cewa hoton nasa ne. Gama korar mace da 'ya'ya ba ta san addini ba, mun sha ganinta a ofishin fada. Ubangijinmu da kansa, da aka tambaye shi wane ne maƙwabci, labari ya bayar, ya kuma ɗora nagartar a kan Basamariye, mutumin da masu sauraronsa suka tashi suna jin cewa irinsa banza ne.

Saura tambaya ɗaya da ta shafe mu kai tsaye: wa yake ba da namu labarin? Akwai zancen da ke yawo cewa Bahaushe ba ya zama Kirista, har wasu 'ya'yanmu sun gaskata, suna jin kunyar harshen iyayensu. Ba su san cewa cikin littattafai biyar na farko na ƙagaggun labaran Hausa, waɗanda suka biyo bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida, Kirista daga Wusasa, ya rubuta tare da Rupert East. Amma tun daga nan hannunmu ya yi sanyi. Abin da aka rubuta game da Maguzawa, waɗanda da yawa daga cikin masu bi na ƙauyukanmu zuriyarsu ne, yawanci alƙalamin wasu ne, kamar Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna da su a ƙasar Kano ya buga littafinsa a 1946. Wanda bai rubuta kansa ba, a labarin wani zai fito, da sunan da wancan ya ga dama.

Littafin Baba ta Karo, wanda aka buga a Ingila a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya don sanin rayuwar matan Hausawa. Baba ba ta iya rubutu ba. Wata Baturiya ce, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau kwana da kwanaki tana rubuta abin da take faɗa. A kowane ƙaramin coci na karkararmu, daga wajen Rano har Tudun Wada, akwai tsohuwa irinta, wadda ta san yadda aka yi biki da makoki kafin zuwan katikist na farko, ta san maƙwabtan da suka ba da gudummawar kara da azara ranar da aka yi wa cocin rufi. Kusan kowane matashi a ƙungiyar mawaƙa yana da waya mai ɗaukar murya a aljihunsa, 'yan Zumuntar Mata kuma sun san ƙofar ɗakin kowace tsohuwa. Yawancin tsofaffin nan sun haura shekara tamanin.