Hannun Biri da Kuɗin da Ba a Tambayi Asalinsu Ba

A shekarar 1902 marubucin Ingila W. W. Jacobs ya wallafa gajeren labarinsa, The Monkey's Paw. Wani tsohon soja da ya dawo daga Indiya ya shigo gidan dattijo White da busasshen hannun biri wanda wani boka ya tsafe, mai biya wa mutum buri uku. Dattijon ya roƙi fam 200. Washegari injin masana'anta ya kama ɗansa Herbert ya hallaka shi, kamfanin kuma ya aiko da kuɗin ta'aziyya, fam 200 cif.

A jami'a an koya mana cewa darasin labarin shi ne kwaɗayi mabuɗin wahala. Ban taɓa gamsuwa ba. White ba makwaɗaici ba ne. Da farko ma rasa abin roƙo ya yi, sai ɗan nasa ya tuna masa bashin gidansu. Wace haɗama ce a son fita daga bashi? Kuskurensa, a ganina, shi ne ya faɗi abin da yake so, ya bar zaɓin hanya a hannun abin da bai san tausayi ba.

Mu mutanen Tambuwal da Kebbe mun ga irin wannan a maƙwabtanmu. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, magidanta sun riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gidajensu ana niƙawa a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Duwatsun kuwa cike suke da dalma. Kuɗi sun shigo, an sayi babura, an yi rufin kwano, ƙurar dalmar kuma ta kashe yara fiye da 400. Ba ni da bakin kiran iyayen nan makwaɗaita. Manoma ne da gero ya daina riƙe su har wata damina, kuma babu wanda ya gargaɗe su. Shi White ko banza tsohon sojan ya ce masa ya bar hannun ya ƙone, shi ya ciro shi daga wuta. Alhakin wanda aka gargaɗa da na wanda ba a gargaɗa ba ba ɗaya ba ne, ko da makokinsu ɗaya.

Kakata a Kebbe ba ta taɓa roƙon komai ba, ko ruwan sama ne, ba tare da ta ƙara da “in alheri ne” ba. Ina yaro na ɗauka rauni ne na tsufa. Yanzu na gane sharaɗi take gindayawa, wanda White ya manta da shi, wanda kuma matarsa ta ƙi ji sa'ad da ta tilasta masa ya roƙi dawowar gawar da ta kwana goma. Ita ba na iya zarginta, uwa ce.

Shekara biyu ke nan da na gama digiri ba aiki. A watan jiya wani ya same ni a tashar Tambuwal, ya ce in kawo kuɗi a ba ni gurbi a wani ofishi, ba jarrabawa, ba ganawa. Na tambaye shi sunan wa za a goge a sa nawa. Ya yi dariya, ya ce wannan ba matsalata ba ce. Lambar wayarsa tana nan a aljihuna, ban kira ba, ban kuma yaga takardar ba.