Kaushin Amo: Aibi Ne Ko Ado?

Masu nazarin kyau da muni sun daɗe suna muhawara a kan ko tsabta ce ma'aunin kyau, wato ko abin da aka tace kullum ya fi wanda aka bari da kaushinsa. Salon kiɗan fos-fank, wanda ya ɓullo a Ingila a ƙarshen shekarun 1970, ya sabunta wannan muhawara, domin ya ɗauko jitar bes, wato jita mai kaurin amo wadda a da take rakiya daga baya, ya sa ta jan gaba da murya mai gurnani. Larura ce ta haifar da wannan amo, domin Peter Hook na ƙungiyar Joy Division, wadda ta fitar da faifan Unknown Pleasures a 1979, ya koma kaɗa siraran muryoyin jitar ne saboda lasifikarsa mai araha ba ta fitar da masu kauri yadda zai ji, shi kuwa Jean-Jacques Burnel na The Stranglers da yagaggiyar lasifika ya samu gurnaninsa.

A yau makaɗa suna neman wannan amo da gangan, ta hanyar ɗura wa amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, abin da ya fi ƙarfinta har ta datse ƙololuwar sautin ya fito da kaushi, ko ta hanyar ƙananan akwatunan da ake takawa da ƙafa, tare da dukan tsirkiya da ƙarfi. Daga nan ne wasu suke ganin cewa wanda ya sayi na'ura mai tsada domin ya kwaikwayi abin da rashi ya haifar, fatar abin ya ɗauko ya bar naman.

Sai dai kiɗan Hausa ya raunana wannan hujja, domin kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya gare shi a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, kuma a ƙarshen sandarsa akwai fallen ƙarfe mai ƙananan zobba da ke kacau-kacau duk lokacin da aka taɓa tsirkiyar. Maƙerin kuntigi yana iya barin wannan ƙarfe, amma da saninsa yake ƙara shi, saboda kunnen da ya saba yana jin kiɗan salam idan babu shi. Ke nan kaushin da aka zaɓa ba jabu ba ne don kawai an zaɓe shi.

Haka kuma ba kowane kaushi ne ado ba, domin idan lasifikar mai tallan magani a kasuwar shanu ta Iware, kusa da Jalingo, ta cika har maganarsa ta cakuɗe, abin da ya faru a cikin na'urar daidai yake da na amfilifayar makaɗi, amma a nan aibi ne, tunda manufarsa ita ce a fahimci abin da yake faɗa. Saboda haka hukunci ba ya rataya a kan asalin amon ko tsadar na'urar da ta fitar da shi. Yana rataya ne a kan niyyar mai shi da kuma dacewar amon da saƙonsa. Makaɗin da ya kwaikwayi gurnanin 1979 alhali ba shi da damuwa ko fushin da zai zuba a ciki, shi ne ya cancanci zargi, kuma zargin na rashin abin faɗa ne.