Yatsa da Amana: Shin Dabba Tana Fahimtar Nunin Ɗan'adam?

Tun kafin yaro ya iya haɗa kalmomi biyu, wajen shekara ɗaya da haihuwa, yakan miƙa yatsa ya nuna wa mahaifiyarsa abin da ya ja hankalinsa. Ita kuwa ba ta tsayawa kallon yatsar, sai ta bi ta da ido zuwa inda ta dosa. Cikin wannan ɗan motsi akwai yarjejeniya: mai nuni yana nufin ya sanar, mai kallo kuma ya yarda cewa ba a banza aka nuna masa ba. Abin tambaya shi ne, ko dabba tana iya shiga irin wannan yarjejeniya?

Masana halayyar dabbobi sun gwada haka ta hanya mai sauƙi. Sukan kife kofuna biyu, su ɓoye abinci a ƙarƙashin ɗaya ba tare da dabbar ta ga wanne ba, sannan mutum ya nuna kofin da yatsa. A shekarar 2002, Brian Hare da Michael Tomasello da abokan aikinsu suka wallafa sakamako a mujallar Science: karnuka, har da kwikwiyoyi, sun fi birin cimfanzi bin nunin, duk da cewa birin ya fi kowace dabba kusanci da mu a halitta. Bayan shekara biyu kuma suka gano cewa idan mutumin ya miƙa hannu kamar zai riga birin ɗauke abincin, birin yakan fi gane kofin. Ashe ba kaifin basira ya rasa ba. Abin da bai saba da shi ba shi ne wani ya nuna masa abinci don ya taimake shi.

Wata hujjar ta fito daga Nobosibirsk ta ƙasar Rasha, inda Dmitri Belyaev ya fara kiwon yanyawa a 1959, yana barin masu sauƙin hali kaɗai su hayayyafa. A 2005 aka tarar 'ya'yansu suna bin nuni kamar kwikwiyoyi, alhali ba don wayo aka zaɓi iyayensu ba. Da tsoron mutum ya ragu, sai sauraronsa ya samu wuri.

Sai dai mai adalci ba zai ƙi jin ɗaya ɓangaren ba. A 1907 Oskar Pfungst ya tabbatar cewa dokin nan na Balin mai suna Hans, wanda aka ɗauka ya iya lissafi, motsin jikin masu tambayarsa kawai yake karantawa. Haka nan a 2008 Monique Udell ta nuna cewa kyarketan da suka tashi a hannun mutane suna bin nuni da kyau. Don haka wasu ke cewa sabo ne kurum: kare ya koyi cewa inda hannu ya nufa, can abinci yake.

A ganina, ko gado ne ko sabo, tushen ɗaya ne: zama da mutum. Dabbar da ta bar abin da take yi ta nufi inda yatsata ta nuna, ta ɗauka ba zan yaudare ta ba. Ko da ba ta san niyyata kamar yadda ɗan'uwana zai sani ba, ta dogara da ni, kuma wanda aka dogara da shi amana ta hau kansa.

Nan ne nauyin ya dawo kanmu. Hannun da mafarauci ke nuna wa karensa hanya da shi a dawa, irinsa ne yara ke jifan karen unguwa da shi, manya suna kallo ba su tsawatar ba. Mun daɗe muna auna fahimtar dabba. Ya kamata mu auna kanmu, mu ga ko mun cancanci yardar da ta ba mu.