DOKOKI BIYU DA BA A GAYA WA ƊAN KOYO

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Idan aikin kaka ya ƙare a Tsaskiya da ƙauyukan ƙasar Safana da Batsari, akan ga magidanta sun tona gurabu 30 a gindin itace suna dara. Yaron da ya zo koyo, sai a ce masa kowa 'ya'ya 12 gare shi, ba a jera uku a lokacin zubi, sai an fara turawa sa'an nan wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Baƙo kuwa yakan tambayi yadda ake yinta a garin, domin ƙa'ida takan sha bamban daga wuri zuwa wuri.

Haka yake ga majong, wasan da aka ƙago a ƙasar Sin a ƙarni na 19. Mutum huɗu ke zama da 'yan alluna 144, kowa ya riƙe 13, wanda ya riga haɗa jeri huɗu da tagwaye guda shi ya ci. Mutanen Japan da 136 suke yi, na Amurka da 152, saboda haka tilas a daidaita a kan ƙa'ida kafin a fara.

A nan akwai abin lura. Ba alƙali a wurin, ba ɗan doka, amma kowa yana tsare sharaɗin da ya yarda da shi, mai maguɗi kuwa ya sha kunya. Wannan horo ne na cika alkawari, ba abin rainawa ba ne.

Sai dai akwai abu biyu da dokar wasa ba ta faɗa: abin da za a zuba a kansa, da lokacin tashi. A nan ne ɗan koyo ke halaka. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haramta caca, suka kuma bayyana dalili, watau tana haddasa gaba, tana shagaltarwa daga salla. Ibnu Abi Zaidin, mai Risala, bai halatta wasan nardi da shaɗaranji ba. Imamu Shafi'i ya ɗauki shaɗaranji makaruhi ne, muddin ba kuɗi ba shagala. Amma da zarar kowa ya ajiye kuɗi mai ci ya kwashe, babu saɓani a kan haramcinsa. Ko hukumar Sin, da ba ruwanta da Shari'a, ta hana majong bayan 1949 saboda caca, a 1998 kuma ta tsara masa dokokin gasa ba tare da kuɗi ba.

Saboda haka wanda ya koya wa yaro jera uku bai koya masa tashi idan ladan ya kira ba, rabin aiki ya yi. Ranar da kuɗin damin gero ya shiga gurbi, ran nan dara ta ci gida, iyali ne za su kwana da yunwa.

Allah Ya tsare matasan Musulmi, amin. Wallahu a'alamu.