Matuƙin Jirgi ko Mai Ɗaki?

Ranar zaɓen 2023 na tashi daga Kankiya na je Kusada gaida kawuna, wanda malamin zaure ne. Na iske ko ƙofa bai leƙa ba. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Kai ɗan nan, yaya ƙuri'ata da ta wanda bai san alif ba za su zo nauyi ɗaya? In za ka Kano, fasinja ke zaɓen direba?"

To, wannan ƙorafi ya girmi kawu da shekara fiye da dubu biyu. Aflatun ne ya kawo shi, da misalin jirgin ruwa da matuƙinsa, bayan mutanen Atina sun yi wa malaminsa Sukuratu hukuncin kisa da rinjayen ƙuri'a, shekara 399 kafin haihuwar Annabi Isa. Waɗanda suka tsara mulkin Amurka a 1787 sun karanci Girkawa, sun kuma gaji wannan tsoron taro, har ba su bari talaka ya zaɓi sanata da hannunsa ba sai 1913. Daga wurinsu kuwa muka aro namu tsarin a 1979.

Kawu yana kiran duk wannan kayan Nasara. Amma manɗiƙin da yake karantarwa cikin Sullam na Ahdari asalinsa na Aristotal ne, ta bakin Larabawa ya iso mana. Shehu Magili, wanda ya zauna Katsina da Kano wajen 1490, shi ya tsaya wa ilmin nan lokacin da Suyuɗi ya haramta shi. Ashe Bagirke ya riga Bature shiga zaurenmu.

Aristotal ɗin kuwa ya amsa wa malaminsa Aflatun. A ganinsa mazaunin gida ya fi magini sanin kyan gini. Na ce, "Kawu, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Ya yi murmushi, bai tanka ba. Na fito ina ganin na yi nasara, kuma har gobe ina bayan Aristotal.

Sai dai a hanyar tasha na ga wata tsohuwa ta karɓi taliya da sabulu kafin ta shiga layi. Na ce, "Iya, don me?" Ta ce, "Ɗana, kowa ya ci, ɗakina zai yi yoyo bana. Wannan kuwa yau za a dafa ta." Har na sauka Kankiya ban sami abin da zan ce mata ba.