Turmin Nan Na Dawa Ne

'Yar'uwa, in kin taɓa ratsa ƙauyukan Fakai a ƙasar Zuru, kin ga yadda gida guda kan fita wankin zinare. Maigida na haƙa, uwargida na juya yashi a kasko, yara na ɗebo ruwa. Da yake zinare ya fi yashi nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, ruwa ya tafi da saura.

Ni dai ban ga laifin neman halal ba. Tambayata ita ce, arzikin da aka fita nema domin yara, ya dace a saye shi da lafiyarsu?

A 2010, maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum a Zamfara sun binne yara sama da 400. Ba rami ne ya rufta da su ba. Dutsen zinare aka riƙa kawowa gida ana dakawa, ashe da gubar dalma a ciki. Ƙura ta sauka a tsakar gida, mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Iyayen nan ba mugaye ba ne, rashin sani ne, wanda ya fi dare duhu.

To, mu fa mun ji, kuma wanda ya ji ba shi da uzuri. In maigida ya shigo da buhun dutse, ki ce masa cikin ladabi, "Maigida, turmin nan na dawa ne." A daka can nesa da gida, ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Allah Ya raya mana zuri'a, amin.