Bikin Cika Shekaru: Mu Ke Bin Bashi, Ko Mu A Ke Bi?

Tun wajen shekara ta 1913, sa'ad da aka yanka Sabon Gari a bayan ganuwar Kano, masu-bi su ke taruwa a wannan wuri domin yin sujada. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan. Saboda haka da wuya a daɗe ba a ji wata ekklisiya a Sabon Gari ko Fagge tana shirin bikin cika shekaru ba, wata ashirin da biyar, wata hamsin, wata fiye da haka. Da an sa rana sai a naɗa kwamiti, kwamiti kuwa ya zauna a kan maganar anko, da shanu, da shinkafa, da rumfuna, da wanda za a kira ya zama babban baƙo. Waɗannan duka suna da wurinsu. Amma akwai tambaya guda wadda ya kamata ta riga su shiga ɗakin shawara, gama amsarta ce za ta daidaita sauran.

Ga tambayar. Ekklisiyar da ta waiwaya baya tana kama da ɗan kasuwa wanda ya buɗe littafinsa a ƙarshen shekara. A gefe ɗaya akwai sunayen waɗanda ya ke bi bashi, a ɗaya gefen kuma akwai waɗanda su ke bin sa. To, 'yan'uwa, a ranar bikinmu wane gefe za mu karanta a gaban jama'a? Za mu tsaya kamar masu bin bashi, muna lissafin abin da aka yi mana da abin da muka gina? Ko kuwa za mu tsaya kamar waɗanda a ke bi?

Bari mu fara da gefen waɗanda su ke bin mu, gama shi ne ya fi tsawo.

A watan Afril na 1900 Bishop Tugwell na C.M.S. ya iso Kano tare da Likita Miller da waɗansu Turawa uku. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya umarce su su bar garin. Suka koma Girku, can kuwa ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu a cikin shekarar. A Girkun nan ne kuma Walter Gowans, ɗaya daga cikin samari uku da suka fara aikin S.I.M., ya rasu a 1894. Ba wanda ya ga ekklisiya ko ɗaya a Kano da idonsa a cikin su biyun.

Ƙofar da ta ƙi buɗuwa ga bishop, sai ga shi ta buɗu ga talakawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo akawuna, da ma'aikatan reluwe, da masassaƙa, da 'yan kasuwa daga Ikko da ƙasar Yarbawa da Saliyo da Gwalkwas, daga baya kuma mutanen Gabas da na ƙasashen tsakiyar Nijeriya. Gwamnatin Turawa ba ta yarda da aikin mishan a cikin birni ba, saboda haka waɗannan baƙi ne suka fara taruwa ran Lahadi a unguwar baƙi, suka tara kwabo da sisi daga cikin albashinsu suka ta da ɗakunan sujada. Da yawa a cikinsu ba a rubuta sunansu a kan kowane bango ba.

A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Mun san sunan Likita Miller a cikin wannan aiki, amma malaman Hausa da suka zauna tare da masu fassara suna auna kalma ɗaya ɗaya, su nawa ne za mu iya ambata? A 1943 S.I.M. ta buɗe asibitin ido a Kano, inda Musulmi da Kirista suka yi ta samun magani. Ƙara a kan waɗannan matan da suka ɗauki ruwan gini a ka, da malaman makarantar Lahadi, da mai sharar majami'a, da mai bishara wanda ya yi shekaru yana aiki a kan albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata. Kada kuma mu manta da ƙasar da muka sauka a kanta. Fagge masaukin baƙi ce tun zamanin da ayarin Azbin ya ke sauka a can, ekklisiya ma a kan baƙunci ta zo, ta tarar da masu gida. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Namu kuwa ya fi ƙarfin biya.

Yanzu sai ɗaya gefen, wanda ya fi wuyar taɓawa. Ba ekklisiya a Sabon Gari ko Fagge da za ta rubuta tarihinta ba tare da ta iske shekarun baƙin ciki a kan hanya ba. Akwai tarzomar watan Mayu na 1953. Akwai kashe-kashen 1966, sa'ad da dubban mutanen Gabas suka bar Kano, kujerun majami'u da yawa suka zama wofi. A 1982 Babban Bishop na Kantabari, Robert Runcie, ya aza harsashin sabon ginin ekklisiyar Hausa ta Anglika a Fagge, waɗansu kuwa suka ce ginin ya yi kusa da masallacin Jumma'a, a watan Oktoba aka ƙone majami'u a Sabon Gari. Akwai Oktoba na 1991, lokacin da aka shirya taron wa'azin Reinhard Bonnke. Akwai Mayu na 2004. A watan Yuli na 2014 bom ya tashi a majami'ar Katolika ta St Charles, masu sujada suka mutu. Ga masu karatunmu da yawa waɗannan shekaru suna da fuska da suna: miji, ko ɗa, ko shagon da aka tara shekara ashirin ana ginawa.

A nan ne kwamitin biki ya kan rabu biyu, kowane sashi kuwa yana da hujja.

Sashi na fari ya ce, a bar wannan magana. Biki ranar murna ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Za a gayyaci manyan gari da maƙwabta, don me za a tone tsohon miki a gabansu? Masu wannan magana ba matsorata ba ne. Yawancinsu dattawa ne waɗanda suka ga abin da kalma ɗaya ta ke jawowa, suna kuwa son zaman lafiya. Amma ga abin da ya kamata su duba. Gwauruwar da ke zaune a kujera ta uku, idan aka karanta tarihin shekara hamsin aka ambaci shekarar da aka sayi janareta, aka tsallake shekarar da mijinta ya mutu, me za ta ɗauka? Za ta ga ekklisiyarta tana jin kunyar hawayenta. Yaranmu kuma, in ba su ji labarin daga bakin dattawa cikin tsoron Allah ba, za su ji shi a tasha da bakin kasuwa, daga bakin masu zuga.

Sashi na biyu ya ce, a faɗi kome, a ambaci wanda ya yi da abin da ya yi, domin 'ya'yanmu su san maƙiyinsu. Su ma suna da gaskiyarsu, gama ɓoye abin da ya faru ƙarya ce, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Amma tarihin da aka karanta da wannan nufi ya zama takardar bin bashi, wadda uba ya ke miƙa wa ɗansa ya ce ya je ya karɓo. Mun kuwa ga inda irin wannan takarda ta ke kai mutane. A watan Fabrairu na 2004 aka kashe Kirista a cikin majami'a a Yelwan Shandam ta Jihar Filato. A farkon Mayu aka kashe Musulmi masu yawa a garin nan. Bayan 'yan kwanaki aka kashe Kirista a Kano, mutanen da ba su taɓa ganin Yelwa ba. Kowane ɓangare ya ce bashi ya ke karɓa. Duniya tana cewa rama cuta ga macuci ibada ne, amma littafin ramuwa ba a taɓa rufe shi ba, sai dai a ƙara masa shafi.

Maganar Allah ta nuna mana hanya ta uku. A cikin 1 Sama'ila sura 7, bayan da Ubangiji ya ba Isra'ila nasara, Sama'ila ya kafa dutse ya sa masa suna Ebenezer, watau dutsen taimako. Mai karatu da lura zai tuna cewa a sura 4 Ebenezer shi ne sunan wurin da Isra'ila suka yi sansani sa'ad da Filistiyawa suka kore su, har aka ƙwace akwatin alkawari. Sunan nan guda ya riƙe ranar kunya da ranar ceto. Sama'ila bai share na farin ba, amma abin da ya sa dutsen ya shaida shi ne taimakon Allah. Haka kuma duwatsu goma sha biyu na Joshuwa sura 4, an kafa su ne domin yara su yi tambaya, iyaye kuwa su ba da labarin abin da Ubangiji ya yi a Urdun.

Don haka shawararmu ita ce a faɗi gaskiya dukanta, amma a faɗe ta da bakin wanda a ke bi bashi. A ambaci shekarun. A kira sunayen 'yan ekklisiya da suka rasu, jama'a su miƙe tsaye. Sa'an nan a ci gaba da gaskiyar har ƙarshenta: cewa Musulmi ma sun binne nasu a cikin waɗannan fitinu, cewa akwai masu amsa sunan Kirista da suka ɗauki makami don ramuwa, cewa kuma akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye masu-bi a ɗakunan matansu, suna sane da abin da zai same su in an gane. Iyalai da yawa a cikinmu suna da irin wannan labari. Wanda ya karanta ƙonewar majami'a ya bar labarin maƙwabcin da ya buɗe ƙofa, rabin gaskiya ya faɗa.

Wani zai ce, ashe sai mu bar masu laifi su tafi haka nan? Hukunta mai laifi aikin hukuma ne, daidai ne kuma ekklisiya ta roƙi hukuma ta yi adalci, ta kāre rai da dukiya. Gafara ba ta hana wannan. Abin da gafara ta hana shi ne mu ɗora laifin waɗansu a kan dukan al'umma, mu kuma bar wa jikokinmu ƙiyayya gādo. Ku tuna da misalin da Ubangijinmu ya bayar a Matta sura 18, na bawan da aka yafe masa talanti dubu goma, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa saboda dinari ɗari. Ba a ce dinari ɗarin ƙarya ba ne. Bashi ne na gaske. Laifin bawan shi ne ya manta da wane gefen littafi ne ya fi nauyi.

In mun yarda mu ne a ke bi, to, maganar kuɗin biki ma ta sami ma'auni. Kalmar jubili da a kan buga a kan takardun gayyata ta fito ne daga Littafin Firistoci sura 25, inda shekara ta hamsin ta zama shekarar da bawa ya ke komawa gidansu, gonar da talauci ya sa aka sayar kuma ta koma hannun mai ita. Abin mamaki ne ƙwarai a ce an yi jubili, bayansa kuwa matalauciya tana biyan bashin anko har watanni. Ba mu ce kada a yi ado ko kada a yanka sa ba. Maryamu ta zuba mai mai tsada a ƙafafun Yesu, bai kuwa tsauta mata ba. Nehemiya ma ya ce wa jama'a su ci su sha a ranar Ubangiji, amma a cikin umarnin nan guda ya ce su aika da rabo ga waɗanda ba su da kome. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ga abubuwa huɗu da mu ke roƙon kowane kwamiti ya duba. Na ɗaya, tun ba a yi maganar abinci ba, a aiki samari wurin tsofaffin ekklisiya su rubuta abin da suka sani, gama kowace shekara muna binne waɗansu tare da labarinsu. Na biyu, kada a ɗora wa kowa kuɗi ko anko a kan dole, wanda ya zo da tsohuwar rigarsa kuma kada a kai shi kujerar baya, kamar yadda Yaƙub sura 2 ta gargaɗe mu. Na uku, kafin a sayi buhun shinkafa na fari, a ware rabo domin gwauraye, da marayu, da tsofaffin masu bishara da iyalansu. Na huɗu, dattawa su taka da ƙafarsu zuwa gidan mai unguwa da na maƙwabta su kai gaisuwa da abinci, in kuwa akwai gidan da ya taɓa ɓoye ɗan ekklisiya, a je a yi godiya a gaban 'ya'yan gidan.

Waiwaye adon tafiya ne, in ji masu magana. Rumfuna za a kwashe su washegari, anko zai koɗe, amma abin da yaranmu suka ji an karanta a ranar nan shi za su riƙe har su ma su zama dattawa. Allah ya ba kwamitocinmu hikima, ya sa waɗanda za su shirya bikin shekara ɗari biyu su tarar mun bar musu godiya.